Kaka da Mai Suna

Na Allah muke, kuma wurinsa za mu koma, kowa da ranarsa. Kakarmu, mahaifiyar Baba, ta cika da hantsi tana zaune a kan tabarmarta, jingine da bangon ɗaki, kamar mai jiran a miƙo mata kunu. Ba ta yi wata doguwar jinya ba. Tsufa ne ya yi ta cin ta a hankali har ta ƙanƙance, ta zama ko ni ina iya ɗaga ta in gyara mata shimfiɗa.

Kafin a yi azahar gida ya cika maƙil. 'Yan kabu-kabu suna ta sauke mutane a ƙofar gida, wasu daga Geza, wasu daga Kurgu, wasu ma ban san inda suka ji labari ba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne masu kukan. Ba tsofaffi ba ne, don sa'o'inta duk sun riga ta tafiya. Magidanta ne masu furfura a gemu, da mata masu jikoki, waɗanda a da can suka yi rarrafe a gindin tsamiyar gidanmu.

Ɗan maƙwabcinmu na da, wanda yanzu malamin asibiti ne, ya durƙusa a gabana yana share ido da hannun riga.

"Ke kin san ni da i'ina," in ji shi. "Kowa dariya shika yi mini, har uwata ta gaji da ni. Tsohuwar ga ita ta gane in da waƙa ne harshena bai sarƙewa. Sai ta riƙa aike na da waƙa, in kawo amsa da waƙa. Dubi yau, ni ke yi wa mutane bayani a asibiti."

A cikin ɗaki kuwa mata suna ta nasu. Wata ta ce ai Kaka ta huta, ta tafi wurin maigidanta da ya daɗe yana jiran ta. Wata ta ce irin wannan mutuwa ba ta kuka ba ce, ta godiya ce. Sai wata tsohuwa daga Kurgu, wadda bakinta ba ya da linzami tun tana yarinya, ta tafa hannu ta ce:

"Allah sarki! Ta tahi ba ta ga Mai Suna ba."

Baba, wanda ya leƙo karɓar gaisuwar mata yana dogara sanda, ya juya ya koma zaure. Daga baya 'yata ta ja ni gefe tana tambaya, wai wane ne Mai Suna? Wallahi tambayar ta soke ni. Ashe har an yi zuriya a gidan nan da ba ta san shi ba. Shi ya sa na ce bari in faɗi abin da na sani game da Kaka tun ina da sauran tunani, in ba haka ba nan gaba za a ce tsohuwa ce kawai mai son wasa da yara.

Mai Suna ɗan gwaggona ne, ƙanwar Baba, kuma ita kaɗai ce 'ya mace da Kaka ta haifa. An aurar da ita can ƙetare, bayan kogin Kwara, a wani ƙauye da ke cikin ƙasar da muke kira ta Faransa a lokacin, wato Dahome, Benin ta yanzu. A wurinmu ba wata ƙasa ba ce daban. Dangi ne, kasuwa ɗaya muke ci, suna Dandanci muna Hausa kowa yana jin kowa. Gwaggo ta rasu yaron yana goye, Kaka ta je ta ɗauko shi a bayanta. Uban yaron ya yarda, amma da sharaɗi: in ya yi wayo, a mayar masa da ɗansa. Baba ne ya karɓi wannan alkawari a gaban mutane.

Uban ya yi wa surukansa kara, ya sa wa yaron sunan marigayi Kakanmu namiji, mijin Kaka. To a gidanmu wa ya isa ya furta wannan suna? Baba ba ya faɗa, sunan ubansa ne. Iyayenmu mata ba sa faɗa, sunan surukinsu ne. Malamin allo ma ba ya faɗa, don a gaban marigayin ya yi karatu. Kaka kuwa, ko a kasuwa ta ji an kira wani mai irin sunan, sai ta ja mayafi ta rufe baki ta sake hanya. Saboda haka kowa Mai Suna yake ce masa. Ita kuma Kaka, in tsiyar ta motsa, sai ta ce Maigida. "Maigida, yau ma ba ka ba da cefane ba, ga ka nan sai ci." Shi kuma ya tura baki ya ce ya sake ta, ya auri mai haƙora.

Ni da shi sa'o'i ne, kuma taubasai, don haka faɗa ba ya ƙarewa tsakaninmu. Na fi shi tsawo da baki, ya fi ni kai. Wannan ban taɓa musu a kansa ba.

A shekarun da ake ta maganar mulkin kai, makarantar En'e, wato ta hukuma, da ke garinmu abin gudu ce. In lokacin ɗaukar yara ya zo, mai unguwa yana bi gida-gida, kowane gida a ba da ɗa guda. Mutane kuwa suna ɓoye 'ya'yansu a rumbu, ko a tura su gona tun asuba, ko a ƙetarar da su wurin dangi a Dahome har ƙura ta lafa. Kaka ita kaɗai ce na sani tana addu'ar Allah ya sa a ɗauki nata. Ba don ta san amfanin boko ba, kada in yi mata ƙarya tana kabari. Lissafinta daban ne. Yaron da hukuma ta rubuta a makaranta, ba uban da ya isa ya cire shi. In an ɗauki Mai Suna, zai zauna nan garinmu Bagudo a gabanta. In ba a ɗauke shi ba, ƙetare zai koma, ita kuma ba ta da sauran abin da ya rage mata na 'yarta.

Kaka tana sayar da ƙuli-ƙuli a bakin shingen makarantar, to a nan ta yi nata karatun, da ido. Ta ga yadda sababbin yara ke firgita in an buga ƙarfe. Ta ga waɗanda ke jiƙa wando don ba su san yadda za su nemi izinin fita ba. Ta ga waɗanda ke damƙe alli kamar taɓarya, da waɗanda in malam ya yi musu magana sai su sandare kamar an dasa su. Irin waɗannan ne malamai ke cewa ba su isa ba, a mayar da su gida sai baɗi. Ita kuwa ba ta da baɗi.

Sai ta buɗe tata makarantar a gindin tsamiya, ko da yake ba ta taɓa kiran ta da haka ba. "Ku zo mu yi wasa," kawai take cewa. Ta samo wata tsohuwar galma da ta rabu da ƙotarta, ta rataye a reshe. In ta buga, duk inda muke sai mu sheƙo mu jeru, wanda ya riga zuwa a ba shi gutsuren ƙuli. Cikin ɗan lokaci ƙarar ƙarfe ta zama abin murna gare mu. 'Ya'yan maƙwabta suka ji ƙamshin ƙuli, su ma suka fara zuwa.

Ta sa mu ɗebo laka daga fadama mu gina shanu, kowa da garkensa. Sai ta zama ɓarawo, ta ce mu rufe ido, ta sace saniya ɗaya ko biyu, ta ce, "To makiyayi, nawa sunka ɓace?" Haka muka iya ƙidaya ba mu san ana koya mana ba. Ta zuba wake da gero da tsakuwa a faifai ɗaya, ta ce a raba kowa da danginsa. Ta ba mu zare mu shirya 'ya'yan tsamiya da ta huda, don yatsu su yi laushi. Ta share ƙasa ta ba mu tsinke, yau a zana wata, gobe maciji, jibi sawun kaza. Akwai wani kututturen giginya da ya faɗi a bayan gida, a kansa muke tafiya da ƙoƙon ruwa a ka, wanda ya zubar ya sake. In ta yi tatsuniya ba ta ƙarasawa, sai ta tsaya a tsakiya ta ce, "Na manta. Wa zai tuna mini abin da kura ta yi?" Mai Suna ne kullum ke ƙarasa mata, kuma wallahi wani lokaci nasa ƙarshen ya fi na asalin daɗi.

Har ɗaurin zariyar wando ta mayar wasa. Har neman izinin fitsari. Takan ɗora ƙwarya a ka wai hular malam ce, ta murtuke fuska ta zauna a kan turmi, kowa ya zo ya rusuna ya ce, "Malam, zan fita." In yaro ya yi kuka ba ta lallashi nan take, ba ta kuma tsawa. Sai ta zauna kusa da shi ta ce, "Hwaɗa mini da baki, ni ban jin yaren hawaye." In biyu sun yi faɗa a kan saniyar laka, sai ta ƙwace ta ce ta tafi kasuwa, ba za ta dawo ba sai masu ita sun shirya. Takan ce wa iyayenmu mata, in sun yi ƙorafin ta hana mu aike, "Ku bar su su ƙoshi da wasa. Wanda bai ƙoshi ba, can zai je ya riƙa nema cikin aji."

Amma abin da ya fi cin ranta shi ne kunne. A wancan zamani ba a tambayar shekaru, wa ya san su? Malam zai ce yaro ya ɗora hannun dama bisa kai ya kamo kunnen hagu. In ya kamo, ya isa makaranta. In bai kamo ba, a koma gida. Ni tuni nake kamowa. Mai Suna kuwa guntu ne, ga kai tubarkalla, yatsunsa ko saman kunnen ba sa taɓawa. Kaka ta duba ta duba, sai ta ƙirƙiro wasan jemage. Kullum da safe ta ɗaga shi ya kama reshen tsamiya ya yi ta reto, mu muna tafi muna waƙa, wai hannun ya ƙara tsawo. In ya sauko ta shafa masa man kaɗe a kafaɗa tana ja a hankali. Na zama malamar makaranta daga baya, na san hannu ba ya tsawo don an yi reto. Amma ranar da ɗan yatsansa ya fara shafar kunnen, Kaka ta yi guɗa har maƙwabta suka leƙo suna tambayar wa ya haihu.

Wannan guɗar ce ta jawo rigima da Baba. Da yamma ya shigo ya same ta tana tsinkar zogale, mu muna gefe muna gyaran garkenmu. Ya tsuguna nesa kaɗan kamar yadda ya saba.

"Inna, na san abin da kike shiryawa."

"To, tunda ka sani, ka huta da tambaya."

"Yaron ga na ubanai ne. Ni na ɗauki alkawari gaban mutane. Kina so a ce mun yi musu wayo da hukuma?"

"Alkawari kai ka ɗauka, ni goyo na ɗauka," in ji Kaka, ko kallonsa ba ta yi ba. "Sa'ad da shike zawo kamar ya mutu, ina uban? Ina kai?"

"Inna, ba a haka."

"An yi haka. Ɗiyata guda, sun kai ta ƙetare sun rufe, ko kabarinta ban iya zuwa sai da jirgi. Wanga ma in ba su?"

Sai Baba ya ce shi dai mai unguwa ya nemi ɗa guda a gidan nan, kuma ya ba da ni. In Kaka ta ga dama ta kai Mai Suna, ba zai hana ta ba, amma ƙafarsa ba za ta taka wurin ba, bakinsa kuma ba ya ciki. Ya tashi ya fita. Ban taɓa ganin Kaka ta jefar da abinci ba sai ran nan, ta yi wurgi da faifan zogalen har kaji suka watse.

Ba zan ce Baba mugu ne ba, Allah ya sani yana son yaron. Mutum ne da in ya ce e, to ko za a yanka shi e ɗin ce. Ita ma haka take, wurinta ya gado. Shi ya sa abin ya yi muni.

Kaka ta je ta ga mai unguwa a ɓoye. Suka shirya cewa in an zo rubutu, a sa Mai Suna a matsayin ɗan gidan Baba, kada a tayar da maganar ƙetare. Mai unguwa ya ce shi bai ji ba bai gani ba, amma ba zai tona ba.

Ranar ɗaukar yara ta faɗo ranar kasuwa. Kaka ta yi mana wanka tun da sassafe, ta sa wa Mai Suna sabuwar taguwa, ta riƙo mu hannu bibbiyu. Filin makaranta ya cika da kuka. Yara suna birgima, wasu sun ƙanƙame iyayensu, wani ma ya ciji ɗan doka. Da aka buga ƙarfe, mu 'yan gindin tsamiya muka ruga muka jeru muna dariya, muna jiran ƙuli. Malamin da ke zaune a teburi, wani saurayi baƙo da aka turo daga nesa, ya ɗago kai ya dube mu da mamaki. Kaka tana gefe tana gyara mayafi, sai wani ƙasaita take yi. Mai unguwa ba ya nan, an ce ya tafi da dogari zaƙulo wasu yara daga rumbu.

Ni aka fara kira. Na kamo kunne, na faɗi sunana, na faɗi na Baba ba ko kunya, don ni tun ina ƙarama bakina a sake yake. Malam ya rubuta, ya nuna mini in zauna kusa da teburinsa.

Sai Mai Suna. Ya rusuna ya gaida malam yadda aka koya masa. Ya ɗora hannu bisa kai, ya cije leɓe, ya kamo kunnen nan ƙam. Malam ya zuba tsakuwa a teburi, ya ƙidaya su tas, har ya ce wa malam ɗaya ta faɗi ƙasa. Malam ya yi murmushi ya ɗauki alƙalami.

"Madalla. Yaya sunanka?"

"Mai Suna."

"Mai sunan wa?"

"Mai Suna," ya sake cewa, da ƙarfi, don Kaka ta koya mana kada mu yi magana ciki-ciki.

"Na ji. Sunanka na yanka nake tambaya, wanda liman ya raɗa maka."

Yaron ya yi ɗan tunani. Sai fuskarsa ta washe, ya tuna yana da wani. "Maigida!"

Filin ya kwashe da dariya, har masu kuka suka tsaya. Bai taɓa ganin manya sun yi masa dariya irin wannan ba. Ya ruga ya cusa kai cikin zanen Kaka, ya toshe kunnuwa.

Malam ya dubi Kaka. "Iya, ke ce kika kawo shi? Yaya sunansa?"

Ina kallon ta daga inda nake zaune. Matar da ta hango ƙarfe, ta hango fitsari, ta hango kunne, wannan kaɗai ne ba ta hango ba. Yaya za ta hango? A rayuwarta ba ta taɓa jin an nemi mace ta faɗi sunan mijinta a tsakiyar maza ba. Ta buɗe baki. Sai hannunta ya tashi da kansa ya ja mayafi ya rufe bakin. Ta waiga tana neman mai unguwa, ba shi. Ta waiga tana neman wanda zai fid da ita, matan da ke wurin duk 'yan unguwarmu ne, kowacce ta sunkuyar da kai tana taya ta kunya.

"Iya, mutane na jira."

Ba wani dogon shiru ba ne. Amma ya isa. Ƙanen uban Mai Suna ya ƙetaro cin kasuwa ran nan, ya ji ana ɗaukar yara, ya tsaya kallo a bayan taro. Da ya ga surukarsu ta rasa yadda za ta yi, sai ya matso. Har gobe ban yarda da mugunta ya yi ba, ina jin fid da ita kunya ya zo yi. Ya sunkuya kusa da malam ya faɗi sunan yaron a hankali. A nan na fara jin sunan Kakanmu a duniya. Malam ya ce, sunan uba fa? Ya faɗa. Wace unguwa? Ya faɗi ƙauyensu.

Malam ya ajiye alƙalami. "Wannan ai Dahome ne."

"Nan aka goye shi," Kaka ta samu baki a ƙarshe. "Nan ya yi rarrafe, ɗana. Nan ya yi haƙori."

"Iya, ki yi haƙuri. Da ne ake haka. Yanzu kowace ƙasa ta samu tutarta, an ce mu rubuta 'ya'yanmu, su ma su rubuta nasu. In na sa shi, ni za a tambaya." Ya dubi yaron da ke maƙale a zane, ya girgiza kai. "Wallahi na so shi. Da ba a faɗa a gabana ba."

Ya kira na gaba.

Wannan kalma ta malam, da ba a faɗa a gabana ba, ita Kaka ta yi ta taunawa har ƙarshen ranta. Ba ta taɓa zargin malamin ba, ba ta zargi baffan yaron ba, ko Baba ba ta ƙara tayar masa da maganar ba. Kanta ta kama. Ta ci gaba da tara yara a gindin tsamiya shekara da shekaru, duk waɗannan masu furfura da suka zo makoki sun bi ta hannunta. Amma tun daga ran nan wasan farko da take yi da kowane yaro shi ne ta tsayar da shi ta ce, "Kai wane ne? Ɗan wa?" In sunan da ba ta iya faɗa ne, sai ta aika a kira wanda zai iya. Kuma dariyarta ba ta koma yadda take ba, wannan kowa a gidan ya shaida.

Mai Suna kuwa, tun da aka mayar da shi ƙetare ba ta sake ganin sa ba. Da farko ana kawo labari ranar kasuwa, yana lafiya, yana bin awaki. Ta yi shirin zuwa da rani, ciwon ƙafa ya kwantar da ita. Kafin ta miƙe uban ya kwashe iyalinsa ya yi kudu neman abinci, wasu su ce bakin teku, wasu su ce ya wuce nan. Baba da kansa ya ƙetara neman su har ya gaji. Da Kaka ta rasu ma mun aika ƙetare, ɗan aiken ya dawo ya ce ba wanda ya san inda zuriyar take. Ni da aka ɗauka ran nan na yi karatu, na koyar, na ga yara iri-iri sun wuce ta gabana. Ban ga mai kan Mai Suna ba, kuma abin yana ci mini rai har yau.

Allah ya jiƙan Kaka, ya yafe mata, ya haskaka makwancinta. Yadda ta tausaya wa 'ya'yan mutane, Allah ya tausaya mata. In Mai Suna yana raye Allah ya kai masa labari, in ya riga ta Allah ya haɗa su.

A ranar ɗaukar yaran nan aka tafi da shi, da la'asar, bayan kasuwa ta watse. Baffansa ya zo zaure ya ce tunda makaranta ba ta ɗauke shi ba, kuma ga shi ya yi wayo, yayansa ya daɗe yana jira. Baba ya ce gaskiya ne. Aka ɗaure 'yan kayansa a tsumma. Aka ce masa Kwara za a kai shi ya ga jirage ya dawo, don haka ko kuka bai yi ba, murna ma yake, yana yi mini gwalo wai ban da ni. Kaka ce ta ɗora shi a kan jaki da hannunta, ta gyara masa taguwa, ta kasa cewa ko sai ka dawo.

Muka raka su har bayan gari, inda hanyar gulbi ta ratsa gonaki, muka tsaya. Jakin yana ta nisa, baffan yana biye da sanda. Masu komawa ƙauyuka daga kasuwa suna wucewa ta gefenmu, maza da mata. Sai na ji Kaka ta saki hannuna. Ta yi taku kaɗan gaba, mayafinta ya zame ya faɗi ba ta kula ba. Ta ɗaga murya iyakar ƙarfinta, a gaban Baba, a gaban duk mutanen nan, ta kira sunan da ta kasa faɗa da safe. Sunan mijinta. Ta kira, ta sake kira, har muryarta ta dushe.

Mutane suka tsaya cak. Baba ya sunkuyar da kai. Baffan ma ya ji, don ya waiwayo. Da Mai Suna ta ce, ko Maigida, da ya diro daga jakin nan ya sheƙo da gudu. Amma shi yana can yana kaɗa ƙafafu, yana leƙen inda zai fara hango ruwa. Bai juyo ba, don bai san da shi ake ba.